Wa ya taɓa kallon fim ɗin Huckleberry Finn? Ku zo mu tuna

Abbati: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na zauna da yara muka kalli wanda Disney suka yi a 1993, Elijah Wood ne yaron nan Huck, Courtney B. Vance kuma Jim, bawan da suka gudu tare a kan kogi. Littafin Mark Twain ɗin tun ina sakandare na karanta shi, amma jiya ne ya kama ni sosai, ana cikin farautar Jim sai ƙaramin ɗana ya juyo ya ce Baba, me ya sata ake bin sa haka? Wallahi na daɗe ban ce komai ba, daga baya na ce masa ba abin da ya ɗauka, kansa kawai ya gudu da shi don uwargijiyarsa za ta sayar da shi dala 800. Yaron bai gamsu ba har ya yi barci. Ku wanne kuka fara gani?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Ni na 1939 ne, baƙi da fari, a kaset a gidan kawuna lokacin hutu. Mickey Rooney ya yi wa yaro ɗan shekara 13 ko 14 girma gaskiya, amma Rex Ingram da ya fito a Jim, idonsa kaɗai ya ishe ka. Har yau ina tuna inda mutanen gari suka taru za su kashe shi wai shi ya kashe Huck, ni da ƴar kawuna muka ƙanƙame juna.

Malam Garba: Abbati, Allah ya raya mana su. Na 1960 na gani, Archie Moore ɗan damben nan shi ne Jim, kala ce mai kyau, kogin Misisipi abin sha'awa. To amma raina bai kwanta da finafinan nan ba, sun fi son wasa da dariya da ƴan damfara biyun da suka maƙale wa Huck da Jim a tafiyar. Ni wurin da nake nema kullum shi ne na cikin littafin, inda Huck ya rubuta wa Miss Watson, uwargijiyar Jim, wasiƙa zai tona inda Jim yake, ya riƙe takardar hannunsa na rawa don an koya masa cewa taimakon bawa ya gudu zunubi ne, sai ya tuna irin alherin da Jim ya yi masa a kan ruwa, ya kekketa ta. Duk shekarar da na karanta wa ɗalibaina wannan wurin sai ajin ya yi tsit.

Lawal: Malam, akwai na Rasha ma na 1973, Georgiy Daneliya ya shirya. A can na gan shi ina karatu, kuma wanda ya fito a Jim ɗan Najeriya ne, Feliks Imokuede. Ranar ji na yi kamar ɗan gidanmu ne a talabijin.

Hauwa: Yaya Abbati ka karanta wa yaran inda Jim ke ba Huck labarin ƴarsa Lizabeth, yadda ya ce ta rufe ƙofa ta tsaya tana kallonsa tana murmushi, ya mare ta, ashe zazzaɓin da ta yi ne ya kurmantar da ita bai sani ba. Yana faɗa yana kuka. Na karanta shi ina goyon ƴata ta fari, sai da na ajiye littafin na sauko da ita na rungume.