Tara kuɗin gem a Kickstarter, nawa zan nema?

Ɗan Rikkos: Salam 'yan uwa, muna haɗa wani ɗan gem a nan Jos, muna son neman tallafi a Kickstarter, shafin intanet da jama'a ke tara wa masu sabon aiki kuɗi, nawa ya kamata mu sa?

Maman Hanif: Ƙanena fara duba tsofaffin kamfen na gem irin naka, suna nan har waɗanda suka faɗi. Masu gem ɗin Shovel Knight dala 75,000 suka nema a 2013 suka samu sama da 300,000, amma kar ya ruɗe ka fa, in ba ka cika adadin da ka sa ba ko sisi ba ka gani.

Na Terminus: Malam kuɗin a farkon kamfen da ƙarshensa yake shigowa, tsakiya shiru kake ji, tara mutanenka tun kafin ka buɗe. Kuma Kickstarter ba sa karɓar kamfen daga Najeriya kai tsaye.

Ɗan Rikkos: Kash, ashe da sauran aiki.