Turare mai kamshin daji da jikakkiyar kasa, a ina zan samu a Kumasi?

Dan Aboabo:
Salamu alaikum yan uwa. Don Allah masu sanin harkar turare ku taimaka min. Na gaji da turarukan nan masu zaki kamar alawa da suka cika Kejetia da Adum, ranar Juma'a duk wanda ka gifta a masallaci kamshinku daya. Ni kamshin itace da kasa nake so, irin wanda ake ji a dajin Bobiri bayan an dauke ruwa, ganye ya jike yana rubewa a gindin bishiya, ko na garin katako idan ka shiga Sokoban ana yankan timba. Akwai turare haka kuwa? Kuma wanda zai jure zafin garin nan.

Mai Turare Asawase:
Wa alaikumus salam kanina, akwai sosai, sai dai ba kowa ke tambaya ba shi yasa ba ma ajiyewa da yawa. In kana duba abin da aka hada turare da shi ka nemi vetiver da ganyen patchouli da itacen cedar. Vetiver saiwar ciyawa ce dangin jemar nan tamu, a Haiti da Java ake tatsar mafi yawan manta, ita ce ke ba da wannan kamshin na kasa da dan hayaki-hayaki. Ka fara da turaren Encre Noire na kamfanin Lalique, ya fito 2006, vetiver ne da itacen cypress babu zaki ko kadan, kuma kudinsa da sauki in ka kwatanta shi da su Tam Dao na kamfanin Diptyque da suke sandal ne masu tsada. Amma kar ka sayi kwalba tukuna, a tsiyaya maka 5ml ka shafa a wuyan hannu ka shiga rana ka yi zufa, don abin da ka ji a minti biyar na farko ba shi ne zai zauna ba, na itacen sai can baya yake fitowa bayan na sama ya tashi.

Maman Nana:
Dana ai abin da kake nema yana wajen masu kayan turaren wuta. Kajiji da saiwar jema da icen sandal, shikenan. Mu da shi muka tashi, a wanke kajiji tas a shanya ya bushe a daka shi sama-sama, a jika da man sandal a rufe a kwalba ya tsumu. Ka zuba kadan a kan garwashi a kasko, ka kifa kwando ka dora rigarka a kai, wallahi har bayan wanki kana jin sa a wuyan riga. Sai dai ka ce wa mai hadawa ta rage sukari, don da yawa yanzu sukari suke labtawa kamshin kasar ya bace gaba daya, abin yana bani takaici.

Dalibi a KNUST:
Bari in kara a kan na Hajiya. Kamshin da ake ji in ruwan farko ya sauka wani sinadari ne geosmin, kwayoyin halitta na cikin kasa ke fitar da shi. Kuma mutanen Kannauj a Indiya sun dade suna kama shi, gasasshen yumbu suke dafawa a tukunyar tagulla tururin ya bi ta gora ya sauka cikin man sandal, suna ce masa mitti attar. Ba ya tashi da karfi, sai wanda ya matso kusa da kai zai ji, in kana son haka to shi ne naka.

Dan Aboabo:
Allah ya saka da alheri, Hajiya na gode kwarai. Malam mai turare to oud fa? Na ga kananan kwalabe da yawa an rubuta oud kuma ba tsada.

Mai Turare Asawase:
Mafi yawansu hadin sinadari ne, ba wai ba su da dadi ba, amma ba na ainihi bane kuma da yawa fure da zaki sun danne itacen. Oud na gaskiya daga bishiyar Aquilaria yake, wadda ke fitowa a wurare irin su Assam ta Indiya da Kambodiya da Vietnam, sai bishiyar ta ji ciwo cuta ta kama ta sannan take fitar da bakin danko a cikin jikinta, ba kowace bishiya ke yi ba, an sare ta har ta yi karanci shi yasa a 1995 aka fara sa nau'i daya cikin jerin CITES, yarjejeniyar kasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke neman karewa, ana sa ido a cinikinsa. To ka ga ba abin da za a baka a kudin shiga motar haya tro-tro bane. Kuma wani na ainihin ma tashin farko warin garke yake yi kafin ya lafa, ba kowa ke iya jurewa ba. Ni dai ka fara da vetiver, ka turara kayanka da kajijin Hajiya, in suka hadu a jiki suna tafiya tare. Kwalbar kuma ka ajiye ta cikin akwati ko durowa, kar ka barta a taga ko cikin mota, zafi na bata turare.