Gidan da zan saya ba takardar izinin shiga da mota, ya zan yi?

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Akwai gidan da nake shirin saya, mun gama magana da dillali saura in ba da kafin alƙalami. Gidan yana da get babba da fili a ciki da mota za ta zauna, to amma tsakanin titi da get ɗin akwai lambatu da hanyar masu tafiya a ƙafa, sannan kafin ka kai get ɗin sai ka ɗan taka gefen filin maƙwabci. Mai gidan ya ce shekara da shekaru yana shiga da motarsa ba wanda ya taɓa ce masa kanzil, wai shi da maƙwabcin kamar 'yan uwa suke. Na ce ina takarda, ya ce ba a buƙata. Ni kuma wlh saboda wurin ajiye motar nake son gidan. In biya ko in dakata?

Baban_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Malam ka dakata tukuna. Izini biyu ne a maganar nan kuma ba ɗaya a hannun mai gidan. Na farko na hukuma ne, don lambatu da gefen titi ba cikin filinka suke ba, na hukumar da ke kula da hanyar ne. Na biyu na maƙwabci. Wannan ya fi tayar min da hankali, domin alherin da yake wa mai gidan na yanzu ba ya bin gida in an sayar, tsakaninsu ne su biyu. Gobe ya sayar da nasa filin ko ya rasu magada su zo su ja katanga daidai iyakarsu, kai da motarka kuna waje kuma ba ka da bakin magana. Ka sa lauya ya binciki takardun gidajen a ofishin rajistar filaye, ya ga ko an rubuta haƙƙin wucewa, kuma ya duba kalmomin da kyau don wani haƙƙin na tafiya da ƙafa ne kawai ban da mota. Sai safiyo ya zo ya auna a ga ainihin inda iyaka ta tsaya.

Dan_Gwaggo:
Amma Yaya ni na ji an ce in mutum ya daɗe yana bin hanya ai ta zama tasa a doka, ko ba haka ba ne?

Baban_Hanifa:
Akwai ƙasashen da dokarsu ta yarda da haka, misali a Ingila shekara 20 ne, amma da sharaɗi: ya zama a fili ake bi, ba da ƙarfi ba, kuma ba da izinin mai filin ba. To ka ga shi wannan da bakinsa ya ce maƙwabcin ne ya bar shi don zumunci, wato aro aka ba shi, aro kuwa ko ya shekara nawa mai abu na iya karɓar kayansa. Ko da ma sharuɗɗan sun cika sai ka kawo shaidu ka yi ta zarya a kotu, wa zai sayi gida ya haɗa da shari'a.

Injiniya_M:
Bari in ƙara kan ɓangaren hukuma. Ba kowane gida ake ba izinin ba fa. Suna duba ko get ɗin ya yi kusa da mahaɗar hanya ko kwana, ko direba zai iya hango masu tahowa in zai fito, ko akwai falwaya ko bishiya a wurin, sannan ko filin ciki ya isa mota ta shige gaba ɗaya ba gindinta a waje ba, ƙaramar mota ma tsawonta mita 4 zuwa 5 ne. Kuma hanyar ƙafa ba don nauyin mota aka yi ta ba, sau da yawa bututun ruwa da wayoyi na ƙarƙashinta, in suka fashe kai za a bi. Kwalbatin da mutum ya zuba da kansa ba izini za su iya fasa shi. Kuɗin aikin ma yawanci mai gida ke biya, don haka ka sa shi cikin ciniki.

Maman_Ihsan:
Ɗan uwa ka je da kanka ka gaida maƙwabcin ba tare da dillali ba, ka faɗa masa kai ne mai niyyar saye. A nan za ka ji gaskiyar zumuncin da ake faɗa. In mutumin kirki ne ba zai ƙi sa hannu ba, ko ya sayar maka da ɗan gefen ma kowa ya huta.

Abu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Matsalar dillali na ta matsa min wai akwai wani mai so, in ban ajiye wani abu satin nan ba gidan zai tafi.

Baban_Hanifa:
In dole sai ka ajiye, kuɗin su zauna a hannun lauya, a rubuta cewa in maƙwabci bai sa hannu ba ko hukuma ta hana, za a dawo maka da su cif. Kuma takardar maƙwabcin a yi mata rajista da sunan gidan, ta bi duk wanda ya mallake shi, ba sunanka kai kaɗai ba.