Tashar WABC ta New York: yaya aka yi gidan kiɗa ya koma dandalin muhawara?

Sadik Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sashen koyon aikin jarida, kuma aikin da aka ba ni shi ne in ɗauki tashar rediyo guda ɗaya mai watsa shirye-shirye a matsakaicin zango, wato AM, in bi diddigin yadda salon shirye-shiryenta ya riƙa sauyawa tun daga kafuwarta. Na zaɓi WABC ta birnin New York, wadda ake kamawa a kan 770, saboda ta haura shekara ɗari tana aiki ba ta rufe ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tashar da ta yi kusan shekara ashirin tana jan ragamar kiɗa da waƙa a birni mafi girma a Amurka, sai ga shi a 1982 ta ajiye faya-fayanta gaba ɗaya ta koma hira da muhawara. Shin masu sauraro ne suka juya mata baya, ko kuwa masu ita ne suka hango riba a wani wuri? Ina roƙon magabata da suka san harkar su ƙara mini haske.

Injiniya Bala ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana Sadik. Na yi shekaru masu yawa a ɗakin na'urorin watsa shirye-shirye kafin in yi ritaya, don haka ta wannan ɓangaren zan ba ka amsa. Amma ka fara lura da cewa sauyin 1982 ba shi ne na farko ba. Kamfanin Westinghouse ne ya buɗe tashar a watan Oktoba na 1921 a garin Newark na jihar New Jersey, da sunan WJZ, kuma babban burinsa a lokacin shi ne mutane su sami abin saurare don su sayi akwatunan rediyon da yake ƙerawa. A 1923 ta koma hannun kamfanin rediyo na RCA, aka ɗauke ta zuwa New York, daga 1927 kuma ta zama uwar ɗaya daga cikin rukunonin tashoshi biyu na kamfanin watsa shirye-shirye na NBC, wanda ake kira Blue Network. A wancan zamani abin da take watsawa shi ne wasan kwaikwayo da barkwanci da labarai da kiɗan manyan makaɗa kai tsaye, kusan duk abin da talabijin ya zo ya gada daga baya. Da hukuma ta hana kamfani ɗaya riƙe rukuni biyu, sai aka sayar da wannan rukunin a 1943 ga wani attajiri mai sana'ar alewa, Edward Noble, daga nan aka sami kamfanin watsa shirye-shirye na ABC, kuma a 1953 tashar ta karɓi sunan da take amsawa har yau.

Talabijin ne ya tura ta ga kiɗa. Da ya kwashe 'yan wasan kwaikwayo da masu ba da talla, sai tashoshin rediyo suka rungumi salon nan na maimaita waƙoƙi arba'in mafiya tashe, WABC kuma ta shiga cikinsa a ƙarshen 1960. Ta yi dace da abu biyu, wato ƙaramar rediyo mai batir da matasa ke yawo da ita, da kuma ƙarfin na'urarta na wat 50,000 daga turakarta da ke Lodi a New Jersey. Da dare, sararin sama yana maido da zangon AM ƙasa a wuri mai nisa, shi ya sa ake jin ta a jihohi da dama har cikin Kanada. Duk wanda ya taɓa kama wata tasha mai nisa bayan Isha'i ya neme ta da hantsi ya rasa, ya san abin da nake nufi.

To amma AM yana da rauni wanda ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Saƙon yana tafiya ne a cikin hawa da saukar ƙarfin zangon, saboda haka tsawa da wayar lantarki da injin mota duk suna shiga cikinsa su zama ƙara, ga shi kuma siraran sautuka ba sa fita sosai. FM ba ya da wannan matsalar, kuma tun 1961 aka ba shi izinin watsa sauti ta lasifika biyu. Da rediyon FM ya yi arha ya shiga motoci, wanda ya ji waƙa a can ba zai so ya dawo ya ji ta cikin shuu ba. Muryar mutum kuwa tana jure wannan ƙarar, ana fahimtar magana ko da zangon bai fita tas ba. A ganina nan ne asalin amsarka.

Malama Hauwa ta amsa:

Injiniya, Allah ya ƙara sani, bayaninka ya gamsar ta fuskar na'ura, sai dai ina ganin idan Sadik ya tsaya a nan malaminsa zai tambaye shi abin da ya sa FM, wanda Edwin Armstrong ya ƙirƙiro tun 1933, bai kayar da AM ba sai bayan fiye da shekara arba'in. Ingancin sauti yana nan tun farko, abin da ya sauya shi ne doka. A da, kamfanin da ke da tashar AM da ta FM a gari ɗaya yakan saka shiri ɗaya a duka biyun, don haka babu dalilin da zai sa mutum ya sayi sabon akwati. A tsakiyar shekarun 1960 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta taƙaita wannan a manyan birane, ya zama dole tashoshin FM su nemo nasu shirye-shiryen, kuma da suka tashi nema sai suka rarraba matasa gida-gida, kowa da irin kiɗan da yake so. Hatta ƙanwar WABC ta FM, wadda ta koma WPLJ a 1971, tana cikin masu janye mata jama'a.

Wannan rarrabuwar ita ce ta karya tsarin da Rick Sklar ya gina tun da ya karɓi shugabancin shirye-shirye a 1963. Dabararsa ita ce gajeren jerin waƙoƙi da ake maimaitawa ba ƙaƙƙautawa, tare da masu gabatarwa irin su Dan Ingram da Bruce Morrow, wanda aka fi sani da Cousin Brucie, ta yadda yaro da babba, baƙi da fari, kowa zai sami nasa a tasha ɗaya. Lokacin da mawaƙan Beatles suka sauka New York a 1964, tashar ta manne musu har ta saka sunansu a cikin nata. Tsarin ya yi aiki ne muddin jama'a suna taruwa a inuwa ɗaya. A 1978 wata tashar FM mai suna WKTU ta koma kiɗan disko zalla, cikin 'yan watanni ta sha gaban WABC, kuma duk gyare-gyaren da aka yi bayan nan ba su dawo da martabar ba, har ranar 10 ga Mayu 1982 da Dan Ingram da Ron Lundy suka yi bankwana da kiɗa.

Sannan kada ka ɗauka hira ta kama nan da nan. Shekarun farko tashar ta yi ta lalube. Abin da ya buɗe mata hanya shi ne soke ƙa'idar adalci a 1987, ƙa'idar da tun 1949 ta wajabta wa tashoshi su ba kowane ɓangare dama a kan batutuwan da ake taƙaddama. Da aka cire ta, mai gabatarwa ya sami damar ya yi awa uku yana kare ra'ayi ɗaya. A 1988 Rush Limbaugh, mai gabatar da shirin hira kan siyasa, ya zo WABC, daga nan aka riƙa aika shirinsa zuwa ɗaruruwan tashoshi, Sean Hannity kuma ya biyo baya a shekarun 1990. Ni wannan sashen ne ya fi damuna a matsayina na mai koyarwa, domin tashar da ta taɓa haɗa birni guda ta koma ta masu ra'ayin riƙau kusan zalla, kuma hakan ya biya ta a kasuwa.

Alhaji Sani na Bronx ya amsa:

Ina yi wa malamai sallama. Ni ba masani ba ne, direba ne a wannan birni shekaru da yawa, amma zan faɗa wa Sadik abin da kunnena ke ji. Tashar ta sha sauya iyayen gida, daga kamfanin Disney zuwa na Citadel zuwa na Cumulus, kuma a 2020 ta koma hannun John Catsimatidis, mai manyan kantunan kayan abinci a nan New York, a kan dala miliyan 12.5, kuɗin da a wasu unguwannin Manhattan gida ɗaya ne kawai. Shi kansa yana da shiri a tashar. Ranakun aiki siyasa ce daga safe har dare, amma a shekarar da ya saye ta ya dawo da Cousin Brucie yana saka tsofaffin waƙoƙi a daren Asabar, kuma na sha ɗaukar dattawa da za su roƙe ni in ƙara murya idan suka ji shi. Matasan da nake ɗauka kuwa, kusan kowa kunnensa na cikin wayarsa.

Sadik Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane cewa sai na haɗa na'ura da doka da kasuwa kafin bayanin ya cika. Saura tambaya ɗaya ga Baba Injiniya: ko zan iya kwatanta wannan da Rediyon Kaduna a babin ƙarshe?

Injiniya Bala ya amsa:

Za ka iya, amma da taka-tsantsan. Gidan Rediyon Kaduna gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa shi a 1962, kuma nisan zangonsa an neme shi ne don a kai saƙo ga manomi da makiyayi, ba don a sayar wa mai talla da matasan birni ba, saboda haka dalilan sauyinsa daban ne. Inda suka yi kama shi ne yadda tashoshin FM masu zaman kansu, irin su Freedom da ta fara a Kano a 2003, suka janye masu sauraron cikin gari. Ka kuma ƙara da batun motoci masu lantarki, domin injinsu yana damun zangon AM har wasu kamfanoni suka cire shi, abin da ya sa aka gabatar da ƙuduri a majalisar dokokin Amurka a 2023 don a tilasta barinsa a cikin sababbin motoci. Idan ka gama babin, ka kawo shi nan in duba maka ɓangaren na'ura kafin ka miƙa.