A taimaka da Hausar "mahmiyya" kafin gobe

Malamin Sinja: Assalamu alaikum jama'a. Gobe bayan Azahar za a ɗauki muryata, kuma na maƙale. Takarda ce ta Larabci kan dajin Dindir na nan Sudan aka ba ni in mayar Hausa, za a riƙa sa wa mutanenmu na ƙauyukan bakin kogunan Rahad da Dindir ta waya da lasifika ranar kasuwa: masunta, manoma, masu ɗan kiwo. Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat, mahmiyya, wato dajin da aka keɓe ake tsarewa, kusan kowane layi tana nan. Mu a nan Hazira muke cewa, kowa ya gane. To amma takardar so take ta ce dajin ba na hukuma kaɗai ba ne, mutanen gefensa ma suna da hannu a tsaronsa da cin moriyarsa. Hazira ba ta faɗin haka. Me zan ce?

Ɗan Gadarif: Gandun daji mana, Malam. Haka ake cewa a rediyo, gandun dajin Yankari. Kalas.

Bakano: Daidai. An riga an gama wannan tun zamanin kakanni, ban ga abin nema ba.

Malamin Sinja: Na gwada shi a kunnen surukina, tsohon masunci ne. Da na ce gandun daji sai ya ce, "Gandun wa?" Na rasa amsa.

Baba Mai Wurno: Tambayar tsohon nan ita ce maganar. Gandu yana da mai shi. Gandun gida na maigida ne, 'ya'ya su yi noma shi ya riƙe mabuɗin rumbu, abin da yaro yake iko da shi gayaunarsa ce kawai. Gandun sarki kuwa kun san yadda ake nome shi. Idan ka ce wa talaka gandu, ka riga ka gaya masa akwai mai wuri, kuma ba shi ba ne.

Bakano: Baba, da girmanka, ai gandun gida shi ne abin da gida duka ke ci a ciki. Wace kalma ce ta fi wannan nuna tarayya?

Baba Mai Wurno: Ɗana, a ci tare daban, a yi shawara tare daban.

Ɗan Sarkin Ruwa: Ni dai in faɗa muku abin da Hazira take nufi a wurinmu. Tun 1935 Turawa suka keɓe ta. Kogin Dindir ba ya gudu duk shekara, da rani sai ya tsaya ya bar tafkuna a cikin yashi da fadamun nan da ake kira maya. Can kifi yake taruwa, can ɓauna da gwanki da gadu suke sha, can zaki yake jiransu, can kuma makiyayi yake hange idan ciyawa ta ƙare a waje. Kowa ruwa ɗaya yake so a wata ɗaya. Wanda aka kama a ciki, kalli ko koma ta tafi, dabba ta tafi, ga tara. Saboda haka duk sunan da za ku ba ta, in mutum ya ji ƙamshin kamu a ciki zai kashe wayar.

Ɗan Gadarif: Kuma a faɗi gaskiya, makiyayan nan ba son rigima ke kai su ba. Manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi sun cinye makiyaya da burtali a duk yankinmu, musamman bayan dokar 1970 da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce. Ina mai shanu zai nufa? Dajin nan kaɗai ya rage kore, daga nan har iyakar Habasha.

Almajirin Madina: Allah gafarta Malam, kalmar da kake nema tana cikin mahmiyya ɗin kanta. Tushensu ɗaya da hima, wato filin kiwo da aka keɓe aka tsare. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina domin dawaki, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Abin da nake so ku duba shi ne wasiyyar Umar ga Hunayyu, wanda ya ɗora a kan hima, tana cikin Muwaɗɗa da Buhari. Ya ce masa ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya kula da garken Ibn Aufin da Ibn Affan, domin su in dabbobinsu suka mutu suna da dabino da gonaki, shi kuwa talaka sai dai ya zo da 'ya'yansa yana kuka. Har ya ce ƙasarsu ce, ba don dabbobin da ake hawa saboda Allah ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba. Wurin da aka tsare amma ba a manta da masu wuri ba, ai shi takardarka take nufi.

Gwaggon Makka: Masha Allah. Amma in ya ce hima a lasifika, wallahi himma za su ji. Su ce an ce a yi himma a shiga daji.

Almajirin Madina: Gwaggo kin yi gaskiya. Shi ya sa zan ce hurumi. Hausa tana da shi tun da can: filin da gari ya bari ba mai nomawa, ba mai ginawa, na kowa ne kuma ba na kowa ba. Hurumin daji.

Baba Mai Wurno: Yawwa. Wannan iyayenmu sun zo da ita a baki daga Sakkwato.

Bakano: To ga inda nake jira. Mun gudu daga Larabci mun faɗa Larabci. Hurumi ɗan uwan haram ne da harami, kowa ya sani. Kullum haka ake yi a zauren nan, da an ce a nemi Hausa sai a ɗauko Larabci a sa masa hula. Harshen nan yana da injin ƙera suna: ma- a gaba, -a a baya, ka sami wuri. Karanta, makaranta. Aikata, ma'aikata. Rina, marina. Muna da alkinta, wato kula da abu don kada ya salwanta. MA'ALKINTA. Ma'alkintar Dindir, ma'alkintar Radom ta can Darfur, jam'i ma'alkintu. Ba gandu, ba sarki, ba aro.

Ɗan Gadarif: Sai ka ce wurin da ake zuwa karɓar albashi.

Gwaggon Makka: In dai injin ne, a saka kare a ciki mu gani. Kare, makara. Makarar namun daji. Allah Ya jiƙan raƙumin dawa, dama ya riga ya ɓace a Dindir.

Bakano: Gwaggo wasa kike yi, ni da gaske nake. Makariya zai bayar, ba makara ba. Kuma duk sabuwar kalma da dariya ake tarbarta.

Malamin Sinja: Ma'alkinta ta ginu a nahawu, ban musa ba. Matsalata alkinta ɗin ma ba kowa ke faɗinta a nan ba. In na tsaya fassara fassarar, lokacin ya ƙare.

Bakano: Wannan kuma laifin Hausar nan ce da ta sha Larabci har ta manta kanta. Mutum ya ce zai je mustashfa da arabiya bayan ya dawo daga madarasa, sannan a ce da ma'auninsa za a auna kalma?

Baba Mai Wurno: Yaro, sannu. Asibiti da mota da kake taƙama da su daga bakin wa aka karɓo? Garin nan na Mai Wurno da nake zaune ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Fiye da shekara ɗari muna tsakiyar Larabawa, jikokinmu da Hausa suke mafarki. Akwai kalmomin da muka riƙe da ku kuka yar a kasuwar Kwari.

Gwaggon Makka: Ku faɗa masa, Baba. Mu da ake kira Takari a nan mun ji irin wannan daga Larabawa, ba sai mun ji daga ɗan uwa ba. Kuma "alkinta" ɗin nan da al- a goshinta, ka tabbata ba 'yar aro ba ce?

Bakano: Ba duk mai al- ne Balarabe ba. Baba a yi haƙuri, ba raini nake nufi ba. Amma maganata tana nan: in ba mu ƙera ba, wasu za su ƙera mana.

Ɗan Gadarif: Ni ina da wata damuwar da hurumi. Mai jin labarai yau, in ya ji hurumi kotu yake tunawa, "kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara". Wasu wuraren kuma maƙabarta da filin idi ake nufi.

Almajirin Madina: Duk ma'ana ɗaya ce ta yi rassa, wuri mai iyaka da alfarma. Da ka haɗa da daji ba mai tuna alƙali.

Bakano: Sannan himar da kake kawowa ta dawaki da raƙuman zakka ce, ba ta zaki da jimina ba. Kada a lanƙwasa tarihi.

Almajirin Madina: Asalinta kiwo ne, haka ne. Amma a duwatsun Hijaz da Asir ƙauyuka sun riƙe hima iri iri har ƙarnin da ya wuce: wata ba a sare itace, wata ba a kiwo sai bayan furanni sun gama saboda ƙudan zuma, wata sai an yi fari ake buɗewa. Inda itace da ciyawa suka tsira, naman daji ya samu mafaka. Da aka buɗe su ga kowa a shekarun 1950 yawancinsu suka lalace, domin wurin da ba shi da mai tsawatarwa kowa rige-rige yake yi.

Gwaggon Makka: Shinge ma ba shi ne magani ba. Ga Mahazat as-Said can gabas da Ɗa'if, an zagaye ta da waya aka saki farin gwankin nan da suke kira maha a 1990, bayan ya ƙare a daji tun 1972. Wayar ta tsare shi daga maharba, amma da fari ya zo ta hana shi bin inda ruwa ya sauka, da yawa suka mutu a ciki. A Oman kuwa da aka sake shi a 1982, Harasis mazauna wurin aka ba tsaronsa.

Bakano: Kuma daga baya farauta ta dawo, aka rage filin, UNESCO ta cire wurin daga jerinta na wuraren gado na duniya a 2007. A cika labarin, Gwaggo.

Ɗan Sarkin Ruwa: Ba sai mun je Oman ba. A Argungu ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ke riƙe da dokar. Masunci ya san hana kamun kifi don kifi ya yi yawa, ba baƙon abu ba ne gare shi. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a hana shi, sannan ya ga motar gawayi ta fito daga dajin ba wanda ya tare ta. Malam, takardar taka ta ce za a bar mu mu shiga maya ko kuwa?

Malamin Sinja: Ta raba dajin uku, yadda tsarin UNESCO yake, wanda aka sa Dindir a ciki a 1979. Can ciki ba a taɓa komai. Na biyu ana barin wasu abubuwa da izini. Na waje shi ne inda ƙauyuka da gonaki suke. Su ma ban san me zan kira su ba.

Gwaggon Makka: Ƙurya, tsakar gida, zaure. Kowa ya san baƙo yana zama a zaure, na gida ya shiga tsakar gida, ƙurya kuwa sai da dalili.

Malamin Sinja: Gwaggo Allah Ya biya. Wannan na ɗauka yadda take.

Ɗan Sarkin Ruwa: To mu a tsakar gidan mu 'yan gida ne ko baƙi? Akwai mutanen Magano da suke zaune cikin dajin kansa, su a wane ɗaki za a sa su? Kuma kun san maganar wane ne ɗan gida ba wasa ba ce a jihar Nil Azrak, rikicin 2022 bai yi nisa ba.

Baba Mai Wurno: A bar wannan a nan, ɗana. Ba zaurenta ba ne.

Malamin Sinja: Na ji, Baba. Ga abin da zan yi. Sunan wuri zan bar shi Hazira, don shi mutane suka sani. A farkon magana zan ce "Hazira, wato hurumin dajin Dindir", daga nan in ci gaba da hurumi. Masu tsaro zan ce malaman daji. Saura aikin kansa, himaya ko muhafaza: kiyayewa, tattali, ko alkintawa?

Ɗan Gadarif: Tattali. Mai tattali yana ci, amma yana barin na gobe. Kiyayewa kamar a ce kada ka kusanta.

Bakano: Tattali ya tafi wurin tattalin arziki, za su zaci bashi za a raba. Ko wannan ɗaya ku bar mini alkintawa.

Malamin Sinja: Zan ce "tattali da alkintawa" sau ɗaya a farko, in ga wadda ta zauna a baki.

Bakano: Kalma biyu a wurin ɗaya alamar ba a gama aiki ba ce. Hurumin ma na bari ne saboda Baba da kuma gobe ta matso, ba don an kayar da ni ba. A rubutuna ma'alkinta zan sa.

Gwaggon Makka: Sa abinka. In ka sami mutum uku da suka faɗe ta ba ka roƙe su ba, ka zo Makka ka karɓi dabino.

Ɗan Sarkin Ruwa: Malam, kafin a ɗauki muryar ka tambaye su maganar izinin su a maya, wa ke bayarwa kuma nawa ne. Ita za a fara tambayarka ranar kasuwa.