Wanda ya taɓa kwana a shelta a New York ya zo ya ba mu labari

Ɗan Agadas: Salam jama'a. Ƙanena ne a Bronx aiki ya tsaya, mai gida ya ce ya tattara kayansa, ga sanyi ya kawo jiki, shi kuma wai gara ya kwana a jirgin ƙasa da a ce an gan shi a shelta, gidan kwanan marasa matsuguni. Dan Allah wanda ya taɓa shiga ya faɗa mana yadda abin yake.

Na Zongon Kumasi: Ka ce masa ya ajiye girman kan nan. Garin nan doka ce tun 1981, wanda ba shi da wurin kwana sai an ba shi gado in ya nema. Ni ta 30th Street na shiga, a lokacin can ake karɓan maza marasa iyali, aka yi min tambayoyi, aka tura ni wani wurin. Wlh ba daɗi, ɗaki ɗaya mutum rututu, wani na tari wani na surutu shi kaɗai har asuba, takalmina a ƙarƙashin filo nake sawa, waya kuma cikin wando, amma dai akwai hita da ruwan zafi kuma ta hannun ma'aikaciyar wurin na samu takardar taimakon haya.

Maman Biyu: Masu yara daban ne fa, mu PATH muka je a Bronx, ofishin da ake karɓan masu yara. Ku riƙe takardun haihuwar yara da duk abin da zai nuna inda kuka zauna a baya, don sai sun bincika. Mun wuni a kan kujera, amma ɗaki namu mu kaɗai aka ba mu, alhamdulillah.

Baƙon Damagaram: Ni lokacin cunkoson baƙi na 2023 na zo, ta otal ɗin Roosevelt inda ake karɓan baƙi a lokacin. A lokacin mu baƙi kwana 30 ake ba mu sai ka sake bin layi. Da nawa ya ƙare a ƙasan wani masallaci na kwana, kan kafet, limamin Allah ya saka masa. Abincin shelta kam ka tambaya kafin ka ci, ni burodi da ayaba na fi dogara da su.

Na Zongon Kumasi: Na manta, kar ya wuce lokacin rufe ƙofa, gadon zai iya tafiya. In aikin dare ya samu ya kai musu takarda daga wurin aikin.

Ɗan Agadas: Na gode 'yan uwa. Maman Biyu, shi da matarsa ne ba yara, nan ma PATH ɗin ne?

Maman Biyu: A'a yaya, nasu ofishin daban ne. Ya kira 311 kyauta ne, za su gaya masa inda za su je.