Kula da hantar yaro bayan dashen ɓargo

Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna a zaman da iyayen yara masu sikila suka yi da wata likitar yara a Zariya.

Ta ce ɗaya daga cikin manyan abubuwan tsoro bayan dashe shi ne toshewar ƙananan jijiyoyin jini na hanta, sakamakon magunguna masu ƙarfi da ake ba yaro kafin dashen. Galibi yana bayyana cikin kwana 21 na farko, amma yakan makara. Yaron da ya sha ƙarin jini har sinadarin ƙarfe ya taru masa a hanta ya fi shiga haɗari.

Shawarar da ta fi ratsa ni: a yi sikanin ciki na ultrasound (hoton cikin jiki da na'ura) tun kafin dashe, a adana sakamakon, domin da shi za a gwada na baya. Sikanin yana nuna kumburin hanta, ruwa a ciki, kaurin jakar matsarmama, da yadda jini ke gudana.

Wata uwa ta tambaya ko sai ido ya yi rawaya kafin a gane matsalar. A'a, Hajiya, in ji likitar, yara da yawa ba sa yin ciwon shawara. A riƙa auna nauyinsa kullum. In ya ƙaru farat ɗaya, ko yana kukan ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a sanar da likita nan take.